Idan aka kashe yaro a gidansu, me ya sa jaridun Ingila ke far wa ma'aikatan walwala?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Ingila, tana aikin kula da tsofaffi, kuma tana tunanin komawa makaranta ta karanci aikin walwalar yara, ita ce ta aiko da tambayar. Ta ce duk lokacin da aka kashe yaro a gidan iyayensa, sai ta ga jaridu sun cika da hotunan ma'aikatan walwala ana tsine musu. Ta ji labarin yaron da ake kira Baby P, wanda aka ce jami'ai sun gan shi sau 60 kafin ya mutu. Ta ce in ba sakaci ba, ta yaya za a ga yaro sau 60 kuma a bari a kashe shi? Laifinsu ne da gaske, ko zaluntarsu ake yi?

'Yar'uwa, na yi shekaru a sashen kare yara na wata ƙaramar hukuma a ƙasar nan, kuma har yau ba na iya karanta labarin wannan yaro ban ji zuciyata ta yi nauyi ba. An yi sakaci a kansa, wannan babu ja. Ma'aikatan walwala suna da nasu kason, kuma ba na cikin masu son a rufe shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda jaridu suka ɗauki mutuwar da hukumomi da yawa ke da hannu a sakacinta, suka rataya wa mata uku ko huɗu jakar tsaba. Hakan ya ɓoye inda ɓarakar take, kuma yaran da suka rage da rai su ne suka ɗanɗana kuɗar abin daga baya.

Sunan yaron Peter Connelly. An haife shi a watan Maris na 2006, ya rasu ranar 3 ga Agusta 2007 yana da wata 17, a yankin Haringey da ke arewacin Landan. An samu raunuka sama da 50 a jikinsa, haƙarƙarinsa a karye, ƙashin bayansa a karye. Ranar 11 ga Nuwamba 2008 shari'ar ta ƙare da samun mutum uku da laifin jawo mutuwarsa ko barin ta ta faru: mahaifiyarsa Tracey Connelly, dadironta Steven Barker, da ɗan'uwan Barker ɗin, Jason Owen, wanda ke zaune a gidan. Waɗannan su ne suka kashe Peter. Ina maimaita wannan ne saboda a makonnin da suka biyo baya, mai karanta jarida zai iya mantawa da su gaba ɗaya.

Wancan sau 60 da kika ji gaskiya ne, amma ba ziyarar ma'aikatan walwala ba ce sau 60. Lissafi ne na duk haɗuwar da yaron ya yi da jami'ai cikin kimanin wata takwas: likitan unguwa, likitocin asibiti, nas-nas masu zagayen gidaje, 'yan sanda, ma'aikatan tallafa wa iyali, da ma'aikatan walwala. Tun watan Disamba na 2006 aka sa sunansa a rajistar yaran da ke cikin haɗari, bayan likita ya ga shatin duka a kansa. An kai shi wajen wata ƙawar iyalin na 'yan makonni, sannan aka mayar da shi gida a watan Janairu. 'Yan sanda sun kama uwar sau biyu, a Disamba da kuma a Yuni.

Akwai abin da jama'a da yawa ba su sani ba, kuma jaridu ba sa ɓata lokaci wajen bayyana shi. A Ingila, ma'aikacin walwala ba shi da ikon shiga gida ya ɗauke yaro don ya ga dama. Dokar Yara ta 1989 ta ba 'yan sanda damar ɗauke yaro na sa'o'i 72 in akwai haɗari na gaggawa. Bayan wannan, sai da yardar iyaye ko da umarnin kotu, kuma kafin ƙaramar hukuma ta je kotu sai lauyoyinta sun duba sun ce hujjar ta kai mizanin da doka ta gindaya, wato yaron yana fuskantar cutarwa mai girma.

Yanzu dubi kwanaki goman ƙarshe na rayuwar Peter. Ranar 25 ga Yuli, sashen shari'a na Haringey ya ce hujjar da ke hannu ba ta kai a je kotu a karɓe shi ba. Ranar 30 ga Yuli ma'aikaciyar walwala ta je gidan, ta same shi a cikin keken jarirai, fuskarsa da hannayensa duk cakulan, kansa kuma an shafe shi da man magani. Daga baya aka gane da gangan aka shafa cakulan ɗin don a rufe raunuka. Ta ce a wanke masa fuska, aka ɗauke shi, ba a dawo da shi gabanta ba kafin ta tafi. Ranar 1 ga Agusta aka kai shi asibitin St Ann's, likitar yara ta gan shi, amma ba ta yi masa cikakken bincike ba saboda yana rigima, alhali ana kyautata zaton a lokacin haƙarƙarinsa sun riga sun karye. Ranar 2 ga Agusta 'yan sanda suka shaida wa uwar cewa ba za a gurfanar da ita ba, don masu gabatar da ƙara sun ce babu isasshiyar hujja. Washegari aka same shi a mace a gadonsa.

Kin ga ƙofofi huɗu ke nan cikin kwana goma: lauya, ma'aikaciyar walwala, likita, ɗan sanda. Kowace ƙofa da ta rufu, da wataƙila yaron ya tsira.

Kason ma'aikatan walwala kuwa ga shi. Sun yi saurin gaskata uwar. Mace ce mai baki, tana zuwa taruka, tana halartar ajin koyon tarbiyya, tana da bayani a kan kowane tabo: ya faɗi ne, wani yaro ne ya ture shi, shi yaro ne mai ƙiriniya. Ba su gano cewa Barker a gidan yake kwana ba, duk da cewa ta ambaci sunansa a matsayin aboki, kuma ba a bi diddigin ko shi wane ne ba. A watan Yuli ta ce ta tafi jinyar wani kawunta, aka ɗauki kwanaki ba a ga yaron ba, ba a kuma tabbatar da inda yake ba. Bincike na biyu da aka yi a 2009 ya ce mutuwar abu ce da za a iya hanawa, kuma ya kamata a hana. Hukumar da ke kula da lasisin sana'ar ta dakatar da ma'aikaciyar da shugabarta na 'yan watanni a 2010. Ta hukunta su, amma ba ta ga laifin ya kai a raba su da sana'ar har abada ba. Wannan shi ne hukuncin waɗanda suka zauna suka karanta fayil ɗin daga farko har ƙarshe.

Hukuncin jarida daban ne, kuma akwai dalilin da ya sa ya fi zafi a wannan karon. Lokacin da aka yanke shari'ar, kotu ta hana a bayyana sunan uwar da na Barker, saboda akwai wata shari'ar da ke jiransu. Shi ya sa ma aka yi ta kiran yaron da Baby P. Jarida kuwa tana son fuska. Tana da hoton jariri mai farin gashi da shuɗayen idanu, tana da jama'a cike da fushi, amma ba ta da damar buga fuskokin manyan masu laifin. Sai ta juya ga fuskokin da doka ba ta kare ba. An bar jaki ana dukan taiki. Jaridar The Sun, wadda Rebekah Wade ke shugabanta a lokacin, ta fito da kanun da ke cewa akwai jini a hannunsu, ta buga hotunan ma'aikatan da sunayensu, ta kuma buɗe takardar koke ta neman a kore su tare da likitar. Sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu, aka kai takardar fadar Firaminista.

Siyasa ta shigo tun rana ta biyu. Ranar 12 ga Nuwamba, David Cameron, jagoran 'yan adawa a lokacin, ya tayar da maganar a majalisa gaban Firaminista Gordon Brown, aka yi ta hayaniya. A cikin maganganunsa na ranar har ya ce uwar yarinya ce 'yar shekara 17, alhali ta haura 25. Ina kawo wannan ne don ki ga saurin da ake yi: manya suna yanke hukunci kafin su san ko shekarun wadda ake magana a kanta. Ranar 1 ga Disamba, ministan harkokin yara Ed Balls ya kira taron manema labarai kai tsaye a talabijin, ya sanar da tsige Sharon Shoesmith, daraktar sashen yara ta Haringey. Mako guda bayan haka ƙaramar hukumar ta sallame ta ba ko sisi.

Ita ma Shoesmith ta yi abin da ya ƙara hura wutar. A taron manema labarai na ranar hukunci ta yi magana da harshen ofis, ta ce a taƙaice ba za a iya hana wanda ya ƙudurta kashe yaro ba, kuma ba ta fito ta nemi afuwa yadda jama'a ke jira ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ranar faɗarta ba ce, kuma ba ita ce ta dace ta faɗa ba. Sai dai rashin iya magana gaban kyamara bai kai a yi wa mutum barazanar kisa ba, ita da 'ya'yanta, har sai 'yan sanda sun shigo ciki. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta gyara makarantun Haringey, shi ya sa shugabannin makarantu sama da 60 suka rubuta wasiƙar goyon bayanta. Dokar Yara ta 2004 ce ta haɗe ilimi da kare yara ƙarƙashin darakta ɗaya, aka wayi gari masana ilimi suna shugabancin aikin da ba su taɓa yi da hannunsu ba. Wannan tambaya ce ta gaske da ya kamata a yi wa gwamnati, amma ba ta dace da kanun labari ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne labarin asibitin. A lokacin, likitocin yara na St Ann's suna ƙarƙashin Great Ormond Street ne, asibitin yaran da ya fi kowane suna a Birtaniya. Tun a 2006, shekara guda kafin mutuwar Peter, Dakta Kim Holt da abokan aikinta uku suka rubuta wa shugabanni cewa sashen ba shi da isassun ma'aikata, fayiloli ba sa zuwa, kuma yara na cikin haɗari. Ba a saurare su ba. Lokacin da aka kawo Peter, manyan likitocin nan huɗu ba su nan yadda aka saba: wasu sun ajiye aiki, ita Holt ba ta bakin aiki. Likitar wucin gadi ce ta gan shi, wadda ba ta da isasshiyar ƙwarewa a fannin gano cin zarafin yara. Ita aka buga hotonta, ita ta rasa sana'arta da lafiyarta. Shugabannin da aka yi wa gargaɗi ba su ga komai ba a lokacin, sai a 2011 asibitin ya nemi afuwar Dakta Holt. Hukumar Ofsted mai duba ayyukan yara kuwa, a ƙarshen 2007, bayan Peter ya riga ya mutu, ta ba Haringey shaidar aiki mai kyau. Shekara guda bayan haka, da minista ya aike ta cikin gaggawa, ta dawo ta ce aikin ya lalace.

Me ya sa wasu suka sha, wasu suka ƙone? Jama'a suna ƙaunar asibitin yara, suna ba shi sadaka, babu editan da zai so ya yi faɗa da shi. 'Yan sanda su ne ke ba 'yan jarida labaran laifuka kullum, kuma suna da ofishin hulɗa da jama'a mai ƙarfi. Ma'aikacin walwala ba shi da ko ɗaya. Yawancin masu karanta jarida ba su taɓa hulɗa da shi ba, waɗanda suka taɓa kuma sun haɗu da shi ne a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsu. Kuma bakinsa a ɗaure yake. Sirrin iyali amana ce a wuyansa, shari'un iyali kuma a wancan lokaci a rufe ake yin su. Ko an yi masa ƙarya ba zai iya buɗe fayil ya ce ga abin da ya faru ba. Nasararsa ma ba ta da hoto, domin yaron da aka cece shi ya girma lafiya ba labari ba ne, kuma doka ba ta yarda a nuna shi ba.

Kotu ta zo daga baya ta gyara abin da za ta iya. A watan Mayu na 2011 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce an tsige Shoesmith ba bisa ƙa'ida ba, domin ba a ba ta damar kare kanta ba. Alƙalan suka ce ko mene ne gazawarta, tana da haƙƙin a yi mata adalci, ba a mayar da ita abin huce haushi ba. An biya ta diyyar da ta haura fam 600,000 daga aljihun jama'a. A 2011 ɗin dai, The Sun ta nemi afuwa a kotu, ta biya diyya ga ɗaya daga cikin ma'aikatan da ta yi ta bugawa, bayan ta tabbata cewa matar nan tana cikin waɗanda suka so a raba Peter da gidan tun farko. Mutum nawa cikin miliyan ɗin da suka sa hannu a kore ta suka ga wannan afuwa?

Bari in gaya miki yadda ziyarar gida take, don ki gane abin da ya sa abin da ya fito fili bayan mutuwa ba ya fitowa kafin ta. Za ki ƙwanƙwasa ƙofa ke kaɗai, babu kaki, babu rediyo, daga ke sai jaka da waya. Kare yana haushi, talabijin na ta ƙara, falon cike da kayan wanki da kwanukan jiya. Uwar tana kuka tana gaya miki an yanke mata wuta, ko kuma tana dariya tana ba ki shayi. Akwai wani namiji a ɗakin girki da aka ce maƙwabci ne ya shigo gyaran famfo. Yaron yana barci, an ce bai yi barci jiya ba, don Allah kada a tashe shi. Kina da minti arba'in, akwai gidaje uku da ke jiranki, da rahoton kotu da za ki miƙa gobe. A cikin wannan hali za ki yanke ko ki ce a tashe shi, a cire masa riga, ki hau bene ki leƙa ɗakin kwana, ki ƙirga buroshin haƙori da takalman maza a bakin ƙofa. Ya kamata ki yi, kuma ƙwararren ma'aikaci yana yi. Amma gidaje goma sha tara cikin ashirin masu irin wannan kama, talauci ne da gajiya kawai ke damunsu, ba mai kashe kowa. Na ashirin ɗin ba shi da alama a goshi. Bayan an yi rashi, mai bincike zai jera abubuwa goma da suka faru cikin wata takwas a shafi ɗaya, su fito kamar layin dogo. Wadda take ciki ta gan su ne ɗaya-ɗaya, a tsakiyar ɗaruruwan wasu abubuwa na wasu yaran.

Kuma abin ya daɗe. A 1973 aka kashe Maria Colwell, 'yar shekara bakwai, a Brighton, a hannun mijin uwarta, kuma a wajen zaman binciken sai da 'yan sanda suka raka ma'aikaciyar walwalar saboda taron masu zagi. A 1987 kuma abin ya juya: a yankin Cleveland aka raba yara 121 da gidajensu bisa zargin lalata, jaridun nan dai suka kira ma'aikatan da likitocin masu satar 'ya'yan mutane. In ka bar yaro, kai sakarai ne. In ka ɗauke shi, kai azzalumi ne. Gaba kura, baya sayaki.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Victoria Climbié. An haife ta a Abobo, a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa. Iyayenta suka ba wata 'yar'uwarsu ta wajen uba, wadda take matsayin kaka a gare ta, riƙonta don ta samu ilimi a Turai, irin riƙon da kowane Bahaushe ya sani. Ta bi da ita Faransa, sannan Landan. Ranar 25 ga Fabrairu 2000 Victoria ta rasu tana da shekara takwas, da raunuka 128 a jikinta, bayan ta shafe watanni tana kwana a bahon wanka, ɗaure cikin ledar shara, a tsakiyar hunturu. A Haringey ɗin nan dai. Wata babbar likita ta taɓa ganin tabon jikinta ta ce ƙazuwa ce. Ma'aikaciyar walwalar da ke riƙe da fayil ɗinta ta ji yadda yarinyar ke miƙewa ƙiƙam in matar ta shigo, ta ɗauka ladabi ne irin na gidajen baƙar fata. Faransanci ne harshen yarinyar, amma ba a samo mata tafinta an zauna da ita an ji ta bakinta yadda ya kamata ba. Ma'aikaciyar ƙaramar ma'aikaciya ce, sabuwa a aiki, da fayiloli fiye da ƙima, ba ta da mai duba aikinta na kirki. Ita aka kora, ita aka hana aiki da yara, sai daga baya ta ɗaukaka ƙara ta yi nasara. Lord Laming, wanda ya jagoranci binciken da aka fitar a Janairun 2003 da shawarwari 108, ya ce babbar gazawar tana kan manyan shugabanni, waɗanda wasunsu ma gaba suka ci. Shekara huɗu bayan rahoton, Peter ya mutu a yankin.

To me farautar 2008 ta haifar? Buƙatun da ƙananan hukumomi ke kai wa kotu don a karɓe yara sun tashi daga kimanin 6,000 a shekarar 2007 zuwa 2008, suka haura 10,000 a 2011 zuwa 2012, suka haura 14,000 a 2016 zuwa 2017. Yaran da ke hannun hukuma a Ingila sun tashi daga kimanin 60,000 a 2008 zuwa sama da 80,000 a 2020. Wasu daga cikin yaran nan sun cancanci a ɗauke su tun da daɗewa, kuma tsoron ya amfane su. Amma da yawa an ɗauke su ne domin babu shugaban da ke son ya zama shi ne na gaba a shafin farko. Kuɗin da za a kashe wajen taimakon iyali kafin abu ya ɓaci ya koma kotu da gidajen riƙo, a daidai lokacin da gwamnati ke zaftare kasafin ƙananan hukumomi daga 2010.

A cikin ofis kuwa abin da ya faru ya fi wannan illa. Ƙwararru suka bar sashen kare yara suka koma inda babu kyamara. Ƙananan hukumomin da sunansu ya ɓaci suka kasa samun masu neman aiki, suka koma ɗaukar 'yan kwangila masu zuwa na wata uku su wuce. Yaro ɗaya sai ya ga ma'aikata biyar a shekara, kowanne ya fara daga farko, alhali gane maƙaryaci yana buƙatar wanda ya daɗe yana jin labaransa har ya lura sun saɓa. Waɗanda suka rage kuma suka koyi kare kai: a cike kowane fom, a rubuta komai a kwamfuta, domin ranar da abu ya faru takarda ce za ta cece ka. Farfesa Eileen Munro, wadda gwamnati ta ba aikin duba tsarin, ta fitar da rahotonta a watan Mayu na 2011, kuma abin da ta gano ke nan: tsarin ya koma damuwa da bin ƙa'ida fiye da sanin ko yaron ya samu sauƙi. Ta ba da shawarar a riƙa binciken mutuwar yara yadda ake binciken haɗarin jirgin sama, inda ba a tsayawa ga cewa matuƙi ya yi kuskure, sai an tambayi me ya sa abin da ya yi ya zame masa daidai a lokacin. Wanda ya san za a rataye shi ba zai faɗi gaskiyar abin da ya faru ba, kuma in ba a faɗa ba, ba za a gyara ba.

Kada ki ɗauka ina cewa jarida ta yi shiru. Ba don 'yan jarida ba, da ba a ji labarin gargaɗin Dakta Holt ba, da kuma hukumomi sun binne abubuwa da yawa. Fushin jama'a kan kisan jariri fushi ne na halal, al'ummar da ba ta jin sa ta mutu. Abin da nake nema shi ne a kai fushin inda ya dace. A 2020 aka kashe Arthur Labinjo-Hughes, ɗan shekara shida, a Solihull, da Star Hobson, 'yar wata 16, a yankin Bradford. Binciken ƙasa da ya fito a Mayun 2022 ya gano cewa kakanni da dangi sun yi ta kai ƙara, har da hotunan raunuka, amma aka ɗauki maganarsu a matsayin rikicin dangi. Ya kuma gano cewa 'yan sanda da ma'aikatan walwala ba su haɗa bayanansu wuri ɗaya ba, kuma Bradford na fama da yawan sauyin ma'aikata. Wannan shi ne labarin da ya kamata a bi har ƙarshe. A maimakon haka, wasu ma'aikatan yankunan biyu, har da waɗanda ba su taɓa ganin yaran ba, suka sha zagi da barazana, yanzu kuma ga Facebook da sauran kafafe sun ƙara wa abin gudu.

Akwai abin da ya shafe mu mazauna nan kai tsaye. Labaran jarida na nau'i na biyu, wato masu cewa ana ƙwace 'ya'yan mutane, sun sa iyalanmu da yawa suna jin tsoron ko gaisawa da ma'aikacin walwala, har uwa ta ƙi kai yaro asibiti don kada a yi mata tambaya. Wannan tsoron shi kansa haɗari ne. Ki kuma sanar da mutanenmu cewa dokar Ingila ta ce duk wanda zai riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 16 na tsawon kwana 28 ko fiye, in ba uba ko uwa, mijin uwa ko matar uba, kaka, wa, ya, kawu, baffa, gwaggo ko inna ba ne na kusa, wajibi ne ya sanar da ƙaramar hukuma. 'Yar'uwar kaka ko ɗan'uwa na nesa ba sa cikin waɗanda aka ɗauke wa. Riƙon Victoria irin wannan ne, kuma babu wanda ya sanar.

Game da shawararki ta shiga aikin, ina ƙarfafa miki gwiwa, domin sashen na buƙatar masu jin harsunanmu, waɗanda za su iya bambance ladabi da tsoro a idon yaro. Amma ki zaɓi wurin aiki da ido buɗe. A wajen ganawar ɗaukar aiki ki tambaye su yara nawa sabon ma'aikaci ke riƙewa a shekararsa ta farko, da sau nawa shugabar rukuni ke zama da shi don a tattauna yaran da kansu, ba ranakun miƙa takarda kawai ba. Ki tambayi kashi nawa na ma'aikatan 'yan kwangila ne, da shekara nawa shugabar ta yi a kujerarta. Ki shiga ƙungiyar ƙwadago tun makon farko. In lauya ko shugaba ya ce hujja ba ta kai ba alhali hankalinki bai kwanta ba, ki rubuta rashin amincewarki da dalilanki a fayil, ki kai maganar ga na sama da shi a ranar.